Dutsen Taimamar Baba

Ranar Talata da hantsi dutsen taimamar Baba ya zame daga gefen gado, ya bugi ƙafar ƙarfen teburin magunguna, ya rabu biyu. Ina wurin aiki Suwaiba, matar yayana Rilwanu, ta kira ni ta ce Baba na nemana in na tashi, kuma ya ce in taho da bokona.

Sai da na sa ta maimaita. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina harkar ƙananan dabbobin teku, Baba bai taɓa yi mini tambaya ko ɗaya a kansu ba. A wurinsa, yarinyar da aka haifa a Malumfashi, wadda babban ruwan da ta sani shi ne madatsar bayan gari, ba ta da abin nema a ƙarƙashin teku. In baƙi suka tambaye shi aikina sai ya ce, "Tana wanke kwalabe a jami'a." Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ni ke shirya wa ɗalibai kayan gwaji a wata jami'a a nan ƙasar waje, a garin Greensboro, kuma rabin yinina a wankin kwalabe yake tafiya.

Sunansa Malam Sale. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Larabci da fiƙihu a sakandare, kuma ko da ya yi ritaya bai daina yi wa mutane jarrabawa ba. Bayan rasuwar Innarmu muka dawo da shi nan, yake zaune tare da Yaya a hawa na uku na wani dogon gida bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Bara aka gano ciwon daji a hantarsa. Maganin da aka ɗora shi a kai ya tsattsage masa tafin hannu da na ƙafa, har likita ta ce ya nisanci ruwa iyakar iyawarsa, sai ya koma taimama. To amma gidan nan ƙasa kafet, bango fenti, ko ƙurar kirki babu. Yaya ne ya samo masa dutsen a unguwar Sedgefield, wurin wata tsohuwa da ta baje tarkacen garejinta a ƙofar gida tana neman masu kwashewa. Fari ne tas, mai santsi, girman ƙaramar gwanda, da 'yan huje-huje a jikinsa, kuma ba shi da nauyi. Baba na iya janyo shi kan cinyarsa da hannu ɗaya. Wata takwas ya yi yana salla da shi.

Akwai kuma abin da mu uku muka sani, Baba bai sani ba. Wata biyu da suka wuce likitarsa ta tsayar da maganin. Ta ce ya daina aiki, kuma abin da ya rage wata huɗu ne ko biyar. Tun farko Baba ya ce shi Turancin likitoci ba ya shigarsa, a faɗa wa 'ya'yansa su faɗa masa. Yaya ya juya ya ce, "Baba, ta ce za a ɗan huta da maganin, jiki ya murmure." Ina tsaye a wurin, na ji Turancin na ji Hausar, na ja bakina na yi shiru. Haka muka taso muka ga ana yi. Ba a tsayawa a kan marar lafiya a ce masa ga iyakarka. Ana cewa da sauƙi, shi ma ya ce da sauƙi, a haka ake tafiya har a kai shi makwancinsa.

Da la'asar na same shi a jingine da matasai uku, ɓarin dutsen biyu a kan tawul a cinyarsa. A gefe ga faranti cike da jar ƙasa da Suwaiba ta ɗebo masa a gindin bene, duk ta ɓata zanin gadon.

"Sannu, Baba. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Matso ki ga wani abu." Ya juyo mini da ɓari ɗaya. "Ni dai na san dutse. Na san na tudu, na san na kogi. Ban taɓa ganin dutse da ɗaki a cikinsa ba."

Ɗaki ne kuwa. A tsakiyar dutsen akwai rami da ƙwan zabuwa zai shiga, da 'yan hanyoyi da suka tashi daga shi zuwa hujojin waje. Bangon ramin ya sha wani busasshen abu ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan rawaya, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Kewaye da ramin kuma, a inda ya fashe, ga siraran layuka a jere, kowane da ɗan'uwansa a gefe. Tun kallon farko na san abin da nake kallo, sai dai na ƙi yarda.

"Wani abu ya zauna a nan," in ji Baba. "Abin da nake so ki bincika mini uku ne. Me ya haƙa ɗakin, a ina yake rayuwa, kuma a cikin me yake haƙa."

"Baba, ai ko me ya haƙa, dutse dai dutse ne."

Ya dube ni irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya amsa kafin a gama tambaya. "Taimama da ƙasa ake yin ta, da abin da yake jinsin ƙasa, dutse ko yashi ko turɓaya. A karatun da na yi, kuma na koyar, ba a yin ta da ƙashi, ba a yin ta da murjani. In wannan dutsen ƙasa ne, na gode Allah. In kuwa gawar wata halitta ce, to wata takwas ke nan ina tsayawa gaban Ubangijina babu tsarki, kuma sai na rama su."

Mutumin da salla ɗaya a zaune sai ya huta sau biyu kafin ya sallame, shi ke maganar ramakon wata takwas. Na naɗe ɓari ɗaya a tawul na ce sai na kai ɗakin gwaji tukuna. Ya ce in kai, amma kada in yi masa irin aikin gwamnati.

Washegari da ɗalibai suka watse na rufe ƙofar ɗakin gwaji na zauna da shi. Layukan nan da na gani na murjani ne, ƙashin ƙananan dabbobin da ke gina duwatsun ƙarƙashin teku. Amma ina da wata 'yar kafa da nake fatan in bi in fita. Akwai murjanin da ya mutu tun dubban shekaru, teku ta janye ta bar shi, ya koma dutsen farar ƙasa, har ana fasa shi a tudu ana sayar wa masu ƙawata lambu. In dutsen Baba irin wannan ne, zan iya duban idonsa in ce daga ƙasa aka haƙo shi, ban yi ƙarya ba. Abin da zai raba gardama shi ne ƙanzon nan na cikin rami.

Soson teku dabba ne, duk da ba shi da baki ba shi da ido. Yana zuƙar ruwa ta ƙananan ƙofofi, ya tace abincinsa, ya fitar da ruwan ta wata ƙofar. Akwai irin da ba sa zama a fili. Suna narkar da duk abin da yake na farar ƙasa, ko murjani ko ɓawon kawa, wato dodon-koɗin teku, ko dutsen kansa, suna ɓantarar shi mitsi-mitsi har su yi wa kansu ɗaki a ciki, sai su turo 'yan bututu waje don shan ruwa. Jikinsu cike yake da ƙananan allurai na gilashi da ido ba ya gani, kuma kowane iri da siffar allurarsa. Nama ya ruɓe, launi ya dushe, allurar na nan. Da ita muke gane su.

Na kankaro ƙanzon na zuba a 'yar kwalba, na tsiyaya masa ruwan bilic, irin na wanke fararen kaya. Nan take ya fara kumfa. Wannan kumfar ba ta yi mini daɗi ba, don nama ne kawai ke yin ta, kuma abin da ya shekara dubbai a tudu ba ya rage nama. Na ce wa kaina ƙila datti ne na garejin tsohuwar. Na bar shi awa ɗaya, na wanke da ruwa sau uku, na ɗiga abin da ya kwanta a ƙasa a kan gilashi, na sa a madubin ƙara girma.

Sauran fatana ɗaya. A gaɓar tekun jihar nan akwai soso mai haƙa da kowa ya sani, wanda ke damun masu kiwon kawa, yana kuma shiga duwatsun gaɓa. Allurarsa na da ɗan kai a gefe ɗaya, kamar fil ɗin da muke maƙale hijabi da shi. Da shi na gani, da sai in ce ƙila idona ne ya yaudare ni a kan layukan nan, in sake lale. Amma abin da ya cika madubin allurai ne masu tsini gaba da baya kamar tsinken sakace, da ɗan lanƙwasa a tsakiya, dubbai, duk iri ɗaya, ko ɗaya ba ta cinye ba ba ta dushe ba. Na auna talatin. Tsawonsu tsakanin mikron ɗari da talatin ne zuwa ɗari da hamsin, mikron dubu kuwa shi ne milimita ɗaya. Na sake auna wasu talatin, kamar za su canja don ina so.

Allura mai tsini biyu, ɗaki ɗaya babba maimakon ƙanana birjik, da gindin bututu a bakin kowace huda. Na buɗe littattafan tantancewa don in cika ƙa'ida, amma na riga na san shi. Masana na kiransa Siphonodictyon coralliphagum. Na taɓa ganin sa da rai sau ɗaya, a wata tafiyar karatu da muka yi tekun Karibiyan, bututunsa rawaya shar sun leƙo daga kan murjani mai rai. Yana da 'yan'uwa biyu ko uku masu kama da shi, kuma daga busasshen ƙanzo ba zan rantse a kan wanne ne ba. Sai dai ko na kuskure sunan ban kuskure gidan ba, don dukkansu a ruwan ɗumi suke, a cikin murjani. Wani ne ya ɓantaro wannan daga teku a zamanin da ni ma ina raye, aka wanke shi ya yi fari, ya yi zamansa a tankin kifin wani ko kan kantar wani, har ya ƙare a gareji a Sedgefield.

Ina cikin haka aka ƙwanƙwasa. Yaya Rilwanu ne da rigar wurin aikinsa, ya baro sito lokacin hutun cin abinci ya tuƙo tun daga Wendover. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ya tsaya yana kallon kwalabe kamar za su cije shi.

"To, me kika gani?"

Na matsa masa. Ya sunkuya ya sa ido ɗaya, ya daɗe yana laluben inda zai kalla. "Toothpicks nake gani."

"Su ne. Murjani ne, Yaya, kuma ba tsoho ba."

Ya ja kujerar ɗalibai ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa kai masa ƙirji. "Okay. Ki ce masa limestone ne. Ai ke kika taɓa ce mini duk calcium ne, same thing."

"Ƙashinka ma calcium ne. In kawo masa ƙafarka ya yi taimama?"

"Rumasa'u, ba wasa na zo yi ba. Mutumin nan in ya ji, gobe zai fara ramako. You know him. Jiya a isha'i sai da na tare shi, ya kusa kifewa daga gado. Kina so abin da ya rage masa ya tafi a tsoro? Yana lissafin salla, yana ganin ba za ta ƙare ba?"

"Ka tambayi liman mana."

"Na tambaya tun jiya. Ya ce babu komai a kansa tunda bai sani ba. Na je na faɗa wa Baba, ya ce ya ji ya gode, amma ranar da za a tsayar da shi ba liman za a tambaya ba." Ya shafa fuska. "Ni na kawo dutsen nan. Akwai duwatsu a bayan gidan, a bakin kwalbati, sun fi ɗari. Na ɗaga ɗaya na ji nauyi, na ce hannunsa ba zai iya ba. Sati guda ina neman marar nauyi. Da na samu wannan har hoto na tura miki, kin tuna? Kika turo mini thumbs up."

Na tuna. Ina tsakiyar shirya gwajin ɗalibai saba'in hoton ya shigo, ban ko buɗe shi ya cika fuskar waya ba. Da na buɗe, da ƙila hujojin sun sa na yi tambaya. A gidan nan kaf ni kaɗai ce zan iya ganewa, kuma ni ce na tura yatsa na wuce. Duk tsiwar da na tanadar wa Yaya sai ta koma mini ciki. Na ji tausayinsa, na ji kunyar kaina.

"Shi ke nan," na ce. "Zan ce dutsen farar ƙasa ne."

"Allah ya yi miki albarka." Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya juyo. "Kuma please, kada ki yi dogon bayani. In kika fara lecture ba kya tsayawa."

Ban je ranar ba. Na ce wa Suwaiba ta ce masa gwajin bai nuna ba tukuna. Ta ce ya ce ai ya faɗa mini kada in yi masa aikin gwamnati.

Ranar Alhamis da azahar na ɗauki rabin yini na tafi, da jimlata guda ɗaya a baki, na maimaita ta tun daga fitilar ba da hannu ta farko a kan titi har ta ƙarshe. Dutsen farar ƙasa ne, Baba, daga tudu aka haƙo shi. Na tarar Yaya na gida, ranar hutunsa ce. Ya raka ni har ƙofar ɗakin ya tsaya a nan, ya jingina da jikin ƙofar.

Baba ya sa an canja masa riga, ya sa hula. Cikin kwana biyun nan har ya ƙara zabgewa, fararen idanunsa sun ƙara rawaya. Ya nuna mini kujerar gefen gado, ba bakin gadon da na saba zama ba.

"Bismillah. Tambaya ta farko. Me ya haƙa ɗakin?"

Wannan ba ta cikin abin da na yi alkawarin ɓoyewa. "Soso ne, Baba. Soson teku."

"Irin na wanka?"

"Danginsa ne na nesa. Wannan dabba ne mai laushi, ba ya zama a fili."

"Abu mai laushi ya huda abu mai tauri. Da me? Yana da haƙori?"

Na ce ba shi da shi. Na yi masa bayanin yadda yake narkar da wuri ɗan mitsitsi, ya ɓantare, ya tura ɓarɓashin waje da ruwa, yau kaɗan gobe kaɗan, shekara da shekaru. Ya ce subhanallah a hankali. Ya tambayi me yake ci, na faɗa. Ya tambayi yadda na gane shi alhali ya bushe, na ciro waya na nuna masa hoton alluran. Ya karɓa da hannuwan nan nasa da suka tsattsage, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan a cikin ɗan ƙanzon nan? Kuma kowane iri da tasa allurar?"

"Kowane iri."

"Wa ya koya miki bambance su?"

"Shekara huɗu na yi ina koya, Baba."

"Ashe ba kwalabe kaɗai ba ne." Bai yi murmushi ba, amma na san muryar. Da ita yake magana in ɗalibi ya kawo amsar da shi bai shirya jin ta ba. Shekarata talatin da huɗu, amma daɗin da na ji a lokacin na 'yar aji uku ne. Na ji Yaya ya gyara tsayuwa a bayana.

"Ta biyu. Wannan da ya zauna a dutsena, a ina yake rayuwa?"

"A ruwan ɗumi. Tekun da ke kudu da nan sosai, wajen tsibirai, inda sanyi ba ya zuwa. Ruwa ne garai-garai, kana sama kana ganin ƙasa. Daga zurfin tsayin mutum biyu ko uku ake fara samun sa, har can ƙasa inda haske ke raguwa."

"Kin gan shi da idonki?"

"Sau ɗaya. Rawaya ne shar, kamar gwaiduwar ƙwai. Bututun kawai ake gani, shi yana ciki."

"Babu shi a tekun jihar nan?"

"Wannan ba na nan ba ne. Na nan allurarsa daban."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye wayar a kan bargo. Haka yake yi tun muna yara. Ba ya tambayarka ko kai ka fasa tulu. Sai ya tambayi inda kake da hantsi, da wanda ya aike ka, da hanyar da ka bi, kowace ka amsa da gaskiya don ba ta da laifi, kafin ka farga ka iso gaban tulun da ƙafarka.

"Ta uku. A cikin me yake haƙa?"

Jimlata na nan, ban manta ta ba. Na ji Yaya ya yi gyaran murya. Har yau in na zauna ina tambayar kaina me ya hana ni faɗin ta, kuma ba na samun amsar da za ta wanke ni. Ina so in ce tsoron Allah ne. Amma na san akwai wani abu kuma. Shekara goma sha ɗaya ina jiran mutumin nan ya tambaye ni abin da na sani, yau ya tambaya, ya saurara, ya yarda, kuma na kasa ɗora ƙarya a kan wannan yardar. Ko gaskiya ce ko son kai, ban iya raba su ba.

"A cikin murjani, Baba."

"Rumasa'u," in ji Yaya daga ƙofa.

Baba bai ko dube shi ba. "Murjani dutse ne ko halitta?"

"Halitta ce. Ƙananan dabbobi ne. Wannan ƙashinsu ne."

"Ba irin wanda ya daɗe har ya koma ƙasa ba?"

Shi da kansa ya buɗe mini kafar da na kwana biyu ina nema, kuma na san da gangan ya buɗe. "A'a. Na duba wannan kafin komai. Akwai sauran naman soson a ciki. Daga teku aka ciro shi, ba da daɗewa can ba."

Baba ya koma ya jingina da matasai. Ƙarar motocin Wendover ta cika ɗakin. Na zaci zan ga tashin hankali a fuskarsa, amma sai na ga kamar ma ya sami natsuwa, irin ta wanda aka gama yi wa awo aka faɗa masa tsayinsa.

"Alhamdu lillahi. Gara da na sani." Ya dubi Yaya. "Kai kuma daina tsayuwa kamar an kama ka da akuyar mutane. Nauyi ka rage mini, Allah ya ba ka lada. Laifin na wanda ya shekara talatin yana koyar da babin ne, aka miƙo masa abu bai tambaya ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ɗauka an gama, har na fara tattara jakata.

"Zauna, akwai ta huɗu." Ya gyara hularsa. "Na yi tunani tun shekaranjiya. Ƙarfina ba zai ɗauki fiye da ninki ba. In na haɗa kowace salla da guda ɗaya ta baya, wata takwas zan yi ina ramawa. Tunda yau na sami mai amsa tambaya yadda aka yi ta, ki faɗa mini. Ina da wata takwas?"

Ban juya na dubi Yaya ba, don na san abin da fuskarsa ke roƙo. Sau ɗari na faɗa wa mutumin nan da sauƙi, kuma da na sake faɗa yanzu zai karɓa, ya ce to madalla, ba zai kuma sake tambayata komai ba har abada.

"Ba ka da su, Baba."

"Nawa?"

"Likita ta ce huɗu ko biyar. Saura biyu ke nan, ƙila uku."

"Saura." Ya riƙe kalmar. "Yaushe ta faɗa?"

"Ranar da aka tsayar da magani."

"Ranar da aka ce mini jiki zai murmure."

Suwaiba ta zo bayan Yaya da kofin kunu a hannu, ta tsaya cak. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Wata biyu," ya ce. "Akwai mutanen da nake so in nemi gafararsu a Malumfashi. Akwai littattafaina da ban ce ga wanda za a ba ba. Ina nan kwance ina jiran in murmure." Ya ɗora hannu a kan ɓarin da ya rage a gefensa. "Wannan bai san abin da ya yi mini ba. Ku kun sani."

Yaya ya fara cewa, "Baba, wallahi don kada hankalinka..." Baba ya ɗaga hannu ya katse shi.

Sannan ya ce in miƙo masa farantin ƙasar, in kuma ja masa ƙofa in na fita. Na miƙa, na fita, na ja. Muka tsaya mu uku a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakinsa da falo, babu mai duban wani, kunun na hucewa a hannun Suwaiba. Ina kuka ba sauti, kuma ban san wanne nake yi wa ba, abin da na faɗa yau ko abin da na ƙi faɗa wata biyu da suka wuce. Daga ciki muka ji bugun tafinsa a kan ƙasa, muka ji kabbara. Ya daɗe kafin ya sallame. Aka ɗan yi shiru, yana mayar da numfashi, sai muka sake jin tafin ya bugi ƙasa.